Ƙwaryar Saje

Shekara goma sha tara Saje Tukura
yana zama a kan turmin da ya kife
bayan gidana, nan Rikoto cikin Zuru,
inda hayaƙin tukunya ke cin ido.
Ba ya gaisuwa sai ya kurɓa.
Ƙwaryarsa daban ce, mai ɗinkin zare a baki,
ko ɗan cikina bai isa ya taɓa ta.

Wata Talata ya zo da farin kati,
ƙwayoyi a jere kamar haƙoran goyo.
Ya ce, "'Yar Dabai, wai jinina ya yi maiƙo,
kitse ya tsaya a hanya
yadda laka ke riƙe motar Ribah da damina.
Ɗaya duk dare, kafin in kwanta."

Ya ɓalle ɗaya, ya ɗora a harshe,
ya kora da burkutuna.
Aka yi dariya. Har da ni.
Kuɗinsa ne gishirin miyata,
wace mace ke zuba ruwa a kan tata wuta?

Wata uku.
Mutumin da ya taka dajin Laberiya da ƙafa
sai ya dafa gwiwa biyu kafin ya miƙe.
Yana matsa sha-raɓa, yana cije leɓe,
farin idonsa ya ɗauko launin ɗorawa.
Ya ce gajiya ce. Ya ce tsufa ne.
Ya ce in ƙara masa, ko jikin ya huta.

Rifkatu autarsa ta zo da farin kayan asibiti,
ta tsaya a bakin zana, ta ƙi kujera.
Da ta zage ni, da ya fi mini sauƙi.
Ta ce, "Inna, ƙwayar nan da abin tukunyarki
jaki ɗaya suke yi wa lodi,
sunan jakin kuwa hanta.
Jiya an ɗebi jininsa.
Likita ya ce ya kife ƙwarya,
ya dawo bayan sati shida a sake duba ta."

Na kwana ina ƙirga da yatsu:
ɗari biyar sau talatin,
ga kuɗin makarantar jikana, ga dawa ta yi tsada.
Can wajen carar zakara na tuna
wanda ya haƙa kabarin mijina shi kaɗai,
ƙasa ta bushe, diga na tsalle,
ya ƙi karɓar ko goro,
ya ce tsakanin maƙwabta babu biya, sai zumunta.

Da yamma ya zo, ya zauna.
Ishaya tela da Dogo direba
suna musu kan fansho da farashin taki.
Na dama kunun jar dawa, na sa tsamiya,
na bar shi ya huce,
na zuba a ƙwaryar nan mai ɗinki,
na miƙa, hannuna na rawa kamar na mai sata.

Ya kurɓa.
Ya dube ni ta saman ƙwaryar, ya daɗe.
Na zaci zai watsa mini.
Sai ya goge baki da bayan hannu,
ya ɗaga murya yadda kowa zai ji:
"Kai! Ta yau da ƙarfi take, 'Yar Dabai!"
Dogo ya ce shi ma a ba shi irinta.
Na ce ta ƙare. Ta manya ce, ba ta yara ba ce,
aka kwashe da dariya, aka manta.

Ya biya kuɗin burkutu cif.
Na tura canjin ƙarƙashin ƙwarya.
Bai ce ba, ban ce ba.

An ce ranar Uhola an gan shi gidan Talatu
da wata ƙwarya da ba tawa ba.
Ban tambaye shi ba. Ni ba likita ba ce,
ban san me takarda ta biyu za ta ce ba,
ko da an ba ni, ban iya karanta ta.
Na dai san gobe da la'asar
zan jiƙa tsamiya kafin in hura wuta.