Shafi na Sha Takwas

A Sheffield, ƙarƙashin wani shagon aski,
akwai matakala tara masu kuka,
ƙarshensu ɗaki mai warin tsohuwar takarda.
Nan nake sauka duk Laraba in na tashi aiki,
ko rigar tuƙin bas ban tuɓe ba.

Mista Hallam ya san tarina tun daga sama.
Kafin in gaishe shi ya miƙo safar hannu.
Kowace mujallar zane tana cikin ledarta,
a miƙe, sahu-sahu, ba mai taɓa wata.
Wai ɗigon maiƙo ɗaya
sai ya karya farashi biyu.

Ni kuwa da maiƙo na fara saninsu.

Gusau, bakin tasha, ina ɗan shekara tara,
mai tsire ya naɗe wa babana na sule uku
cikin wata takarda mai launi.
Kowa ya ci nama, ni na cinye takardar da ido.
Bayanta tallar agogo. Gabanta shafi na sha takwas:
wani mai shuɗiyar riga
rataye a gada da hannu guda,
ɗaya hannun riƙe da ƙafar yaro,
ƙasa kogi, sama wani ƙato na taka masa yatsu.
Maganarsa na cikin farar kumfa,
yaji da man gyaɗa sun shanye ta.

Muka raɗa masa Mai-shuɗi, ni da Isuhu Ɓaleri.
Shekara biyu yana rataye ƙarƙashin tabarmata,
Isuhu ne mai sauko da shi.
Yau shamuwa ta sure shi,
gobe masunta sun shimfiɗa masa koma,
ran da muke jin yunwa kuwa
sai ya saki yaron don ya karɓi ƙosai.

Na girma, na ƙetaro,
na cika kwalin takalmi da su, sannan kwalin firji,
har uwargida ta ce ko su ko injin wanki.
Na ga jarumai sun mutu da hunturu,
an yi musu makoki shafi talatin,
kafin bazara sun dawo da sabuwar riga.
An kai su silima, sun yi ƙiba, sun yi ƙara,
fuskokinsu na kan kofi, kan safa, kan man goge baki.
'Yata Rumasa'u ta ce, Baba, duk fa talla ce.
Na ce goro ma sayar da shi ake,
amma ɗacinsa ba ƙarya ba ne.

Makon jiya Hallam ya ce, zo ka gani.
Na sha ba shi labarin gadar nan
har ya haddace ta fiye da ni.
Fam arba'in.

Na buɗe. Ga shi tsaf, ba yaji.
Ni da na ɗauka kirari yake yi cikin kumfar,
ashe cewa yake, kada ka dubi ƙasa.
Na kai ido sha tara, hannu na rawa cikin safa.
Igiya.
Wani ɗan sanda ne ya jefo igiya.
Shi ke nan.

Shekara arba'in da tara ina jiran igiya.

Isuhu ya rasu bara waccan, ciwon ƙoda,
shi ba wanda ya zana masa fitowa ta gaba.
Da na kira shi na ce, Ɓaleri,
shamuwarka ta fi ta Turawa.

Na biya. Na sayi soyayyen dankali a kwana,
na hau bas, kujerar baya, kamar baƙo.
Ruwa na zuba a gilashi.
Na zare ledar, na buɗe sha takwas,
na dangwala babban yatsana mai maiƙo
daidai kan kumfar nan,
na danna sosai.

Sha tara kuwa na rufe shi da tikiti.
A bar Mai-shuɗi a rataye tukuna,
muna nan tafe da shamuwa.