Ranar Da Ƙyauren Armuwar Ya Ɓalle

Ran Laraba ƙyauren armuwar ya ɓalle,
ba sallama, ba gyaran murya,
ya sauko mini a kan babban yatsa,
tufafi suka biyo shi kamar an kwance wa awaki turke.
Ni kuwa kallabi guda nake nema,
shuɗin nan, don sunan jikar Barira.
Na tafi sunan da wanda ya samu.
Na dawo, tsibi na jirana tsakar ɗaka.

Na baza tabarma a gindin bedi,
na ce, Cima, ajiye salular nan ki kama mini.
Muka yi ta jida har la'asar sakaliya.

Ga ankon auren Sahura,
aure ya kai ga jikoki, ni sau ɗaya na ɗaura.
Ga zannuwan sha uku ga Mayu, shekara shida a jere,
biyu ko gwaurayensu ba a raba ba.
Ga leshin da Ila tela ya karɓi jika tara
ya ɗinka wa wata mace da ba ni ba.
Na ce bari in rame.
Shekara goma sha ɗaya ke nan ina ramewa.

Hijabi baƙi uku, iri ɗaya.
Duk sanda ya ɓace sai in saya,
ashe suna can ƙasa suna hira.

Shaddar da na ɗauro a ciki daga Jibiya
na wuce duwan ina nishin mai juna biyu,
na ce sai babbar rana,
na warware ta yau, na hango Cima ta cikinta.
Babbar ranar ta zo, asu aka gayyata.

A aljihun tsohuwar rigar aikina
jika biyu, irin takardar da aka daina karɓa,
da katin rigakafin Mati
wanda yanzu gemu ya cika wa haɓa.

Can ƙarƙashi, saƙin Inna.
Har yau da sauran hayaƙin ɗakinta a jikinsa.
Cima ta miƙo hannu. Na ce a'a.
Na zauna da shi a cinya,
ban san an kira magariba ba.

Da safe na daina lallashin zane.
Wanda jikina ya sani, ya koma ciki.
Wanda ya mutu, a yanka tsumma, tukunya na so.
Saura buhu biyu, kabu-kabu ya kai Bagalam
wurin Harira, da ruwan Agusta ya kwantar wa ɗaki
ta fito da 'ya'ya huɗu da abin da ke jikinsu.
Na ji kunya, wallahi.
Ina gadin abin da ba na sawa,
ita tana wanki da dare tana jiran ya bushe.

Nomau kafinta ya mayar da ƙyaure,
ya ƙara katako biyu, ya ce, Malama,
ba ƙusa ce ta gaza ba.

Yanzu in na buɗe, ina ganin bangon baya.
Iska na shiga, kyankyaso ya tashi gari.
Zane bisa zane, kowa da kallabinsa,
ko an ɗauke kuran, hannuna ya san hanya.
Na daina cewa ba ni da abin sawa,
na daina isa biki bayan an kwashe tukunya.

Ran Litinin a babbar kasuwa, layin masu tattasai,
na hangi atamfata mai tsuntsaye
tana tafiya, tana ciniki, tana dariya,
da goyo a bayanta.
Shekara takwas tana ninke a duhu,
ban san ta iya tafiya haka ba.
Na kauda kai kada Harira ta gan ni.

Shuɗin kallabin fa?
Ba ya cikin armuwar tun farko.
Jiya na gan shi a hoton bikin ƙawarta,
a kan Cima.