Kwana Uku a Kwalekwalen Arzika

Ranar da na karɓi takardar hutu,
Labbo ya ce, "Abuja za ka ko Kano?"
Na ce Goronyo. Ya yi ta dariya
har shayinsa ya zube a kan fayil.

Kwalekwalen Arzika mutum bakwai yake ci,
mu biyar muka shiga, akuya ta shida.
Inji ya yi tari sau uku kafin ya yarda,
sai Rima ta shimfiɗe mana kamar tabarma.

Ba ɗaki, ba lamba a ƙofa,
ba mai farar riga da faranti.
Ƙuli-ƙuli, albasa, da tarwaɗa
da muka gasa kan tudun yashi,
muna korar ƙuda da hular Arzika.

Inda babban jirgi ba ya kusanta
nan muka kutsa, tsakanin bado da kainuwa.
Kirinjijiya suka tashi gaba ɗaya,
zalɓe ko kallo ba mu ishe shi ba.

Daren biyu hadari ya haɗo daga gabas.
Ruwa sama, ruwa ƙasa, ruwa a takalmi.
Ni da na saba da biro da hatimi
aka miƙo mini yankakkiyar jarka:
"Malam, kwashe!"
Na kwashe har asuba, ina salati,
akuya na taya ni da nata.

Litinin Labbo ya tambayi tsaraba.
Na buɗe masa tafin hannu, duk bororo.
Har yau in na zauna a ofis
kujerata tana ɗan tangaɗi.