Bututun Sitiyari

Ni na ƙera ta.
Kada 'yan sanda su wahala da bincike,
maƙerata na nan bayan Ƙofar Gayan,
inda zugazugi ke numfashi kamar tsoho mai asma.

Shekara arba'in fartanya nake bugawa,
lauje, magirbi, sakatar ƙofa.
Ubana kan ce ƙarfe ba shi da ra'ayi,
inda ka tanƙwara shi nan yake kwana.

Damina biyu ke nan.
Daren da aka ɗauke matar maƙwabcinsa
aka bar takalminta ɗaya a bakin rijiya,
Dalhatu ya zo da asuba, ido jawur,
da bututun sitiyarin tsohuwar Fijo a hannu.
Lambar da aka ce a kira in an ji motsi
sau tara ya kira, ba a ɗauka ba.
Da wane baki zan ce masa koma ka yi barci?

Kwana shida na yi a kanta.
Ƙota ta maɗaci, kunama mai laushin taɓi.
Dubu sha takwas muka yi, ya ba da sha biyu.
Ya rataye ta bayan ƙyaure, sama da buhun masara,
ya ce hannun yara ba ya kaiwa.

Yara suna tsawo, Dalhatu.

Mudassir, mai i'ina,
wanda kan zo ya ja mini zugazugi ranar Asabar.
Ashe tun zangon farko Mu-mu-mu suke kiransa,
su buga benci in ya miƙe karatu,
malami na can yana latsa waya.
Ya kai kuka gida, aka ce: kai ba namiji ba ne?

Ranar Talata ya naɗe ta a buhu.
Maigadi ya zaci tsintsiyar sharar aji ce.
Adaka ba ta san suna ba,
watsi take kamar mai yafa iri.
Ta bar wanda aka nufa, ta sami Ramlatu
tana goge allo,
garin alli fari fat a tafin hannunta.

Yanzu a rediyo ana ta musu.
A ƙwace duka. A'a, a ba kowa lasisi.
Ƙwaya ce. Fim ne. Tarbiyya ce ta lalace.
Kowa ya ɗan taɓo gaskiya,
amma cikinsu ba wanda ya sa kafaɗa a makara.
Ni na sa.
Ba ta kai nauyin guduma ba.

Ɗazu da magariba wani ya yi sallama,
daga wani ƙauye can bayan Kufena.
An kore musu shanu, an haɗa da yara biyu.
Bututu na hammatarsa.
Garwashi bai gama mutuwa ba.
Na ce zauna, bari in yi salla.

Ina kan buzu har yanzu.
Na gama tahiya tuntuni,
na kasa juya kai in yi sallama.