Layi Ɗaya a Jerin Zuriya

Masu lissafin zuriya layi ɗaya suka ba ni:
"Tirsina, aljanar dutse, ta haifi Timarko."
Daga nan alƙalami ya wuce wajen maza masu mashi.

Bari in cike abin da suka tsallake.

Ubana dutse ne, ƙaramar kafaɗa a jikin Findos.
Bai taɓa kiran sunana ba.
In ya yi fushi tsakuwa ta gangaro,
in ya yarda ya yi shiru irin na jiya.
Uwata idon ruwa ce a gindin ɓaure,
ita ke maganar gidanmu duka,
ba ta jiran amsa.
Mu bakwai ta haifa. Shida suna rawa can ƙwanƙoli
inda alloli ke sauka;
ni aka bar wa gefen da rana ba ta so.

Nan Lakirato ya same ni.
Bai durƙusa ba, bai san ko wace ce ba.
Ya ce, "Yarinya, kin ga baƙar akuya mai karyayyen ƙaho?"
Na gan ta mana. Ni na ɓoye ta.

Shekara arba'in da ɗaya:
a wurina, tsakanin walƙiya da tsawa.
Ina kallo gemunsa ya yi fari,
cukun da yake matsewa ya fi ƙarfin hannunsa.
Ranar binne shi ubana ya buɗe ƙasa ba gardama.
Iyakar ta'aziyyarsa ke nan.

Timarko ya gaji ƙafata, bai gaji zamana ba.
Ya gangara Tesaliya ya kafa gari.
Zuriyarsa na rantsuwa da ni a kasuwa
in ana shakkar awonsu,
amma babu wanda ya san hanyar hawowa.

Sai bara wata yarinya ta iso tana haki,
da kaskon zuma da madara.
Ta zuba a kan dutsen da ba shi ba,
ta kira ni da sunan yayata.
Kunnenta na hagu ya ɗan lanƙwasa, kamar nasa.
Na sha. Ban gyara mata ba.

Mu ba ma dawwama, daɗewa kawai muke yi.
Ɓauren ya fara ruɓewa ta ciki,
uwata ta rage murya.
Da yamma awaki kan hauro,
baƙaƙe, jikokin jikokin waccan,
su lashi gishiri a tafina.