Inuwar Ƙashi

Ran Alhamis, bayan la'asar,
in kuran bai ɗauke ba,
Lokotoro Odalis takan ja kujera gaban kwamfuta,
ni kuma in tsaya bayanta da tsumma a hannu
kamar mai goge tebur.

Daga wani gari can ƙetaren teku
wani dattijo yana koyarwa da Sifaniyanci.
Likitoci arba'in cikin ƙananan tagogi,
wasu da hantsi a fuska, wasu da dare.
Mu nan Damagaram mu ne tagar ƙarshe,
wadda takan daskare da baki buɗe.

Ba na jin harshensu.
Amma gwiwa gwiwa ce,
kafaɗa ba ta neman tafinta.

"Mira," in ji ta, "mira, Harisu."
Ranar farko na zaci hanyar Mirriya take tambaya,
har na soma kwatance: ki hau kwalta, ki yi gabas.
Ta yi dariya har da hawaye.
Ashe cewa take: duba.

Shekara goma sha ɗaya ina ɗaukar hoton ƙashi.
Ja numfashi. Riƙe. Kada ka motsa.
In miƙa ambulan, in kira na gaba.
Ina ta ɗauka, ban taɓa dubawa ba.

Ubana maɗori ne a Birni, gindin duwatsu.
Karan dawa, tsumma, man shanu, sai addu'a.
Yatsunsa sun fi idona gani,
yakan ji karaya
kamar yadda mai tukwane ke jin tsaga in ta ƙwanƙwasa.
Da na shiga asibiti sai ya ce:
"To, ka tafi kiwon inuwa."

Wata Alhamis dattijon ya haska wuyan hannu,
ƙananan ƙasusuwa takwas, kamar tsakuwar dara.
Ya kewaye ɗaya da jan layi.
Odalis ta juya mini da Faransanci,
ni kuma na juya wa kaina da Hausa:
wannan ana kiransa ƙaramin jirgin ruwa,
yakan karye ya ɓoye,
hoton ranar farko ya rantse lafiya lau.
A jira kwana goma, a sake.
Jirgin ruwa, a garin da muke sayen ruwa garwa-garwa!

Sai na tuna Tsahiru majemi,
wanda kabu-kabu ya yar a hanyar Zango.
Ni na ɗauke shi. Aka ce targaɗe ne.
Da asuba na bi warin jima har na same shi,
yana murza fatar akuya da hannu ɗaya,
ɗayan rataye a ƙirji kamar baƙo.
Sai da na yi masa magiya,
sai da na biya kuɗin mashin.

Na karkata hannun yadda na gani a allo.
Hoton ya fito.
Ga ta nan, siririya kamar gashin gira,
ta ratsa jirgin daga gefe zuwa gefe.
Wannan karon ni na ce, "Mira."
Odalis ta cire tabarau, ta mayar, ta yi shiru,
sannan ta aika a kawo filasta.

Da dare na kai wa tsohon hoton.
Idanunsa sun yi yana, fitila ba ta ƙara masa komai.
Ya shafa gaba, ya shafa baya.
"Sanyi gare shi," ya ce. "Ƙashi ba ya sanyi haka."
Sai ya kamo hannuna,
ya danna ɗan ramin da ke gindin babban yatsa.
"Nan ne?"
Na ce nan ne.
"Sau biyu wannan ya kunyata ni.
Ɗaya cikinsu maƙeri ne, bai ƙara ɗaga guduma ba."

Bai mayar mini da hoton ba.
Yana ƙarƙashin buzunsa.

An ce Odalis za ta koma gida bayan damina.
Na sayi littafi a kasuwar Dole,
kalmomina sun kai ashirin da bakwai.
Weso, shi ne ƙashi.
Gobe Alhamis.
Na ajiye tsumman, na kawo kujera.