Baƙon da Ya Shigo ta Baki

A Uliastai, inda sanyi ke tsaga leɓe,
kakata ta tauna nama
ta sa wa Tsedendamba a baki, yana ɗan shekara biyu.
Ƙauna ce. Wa zai ce ba ƙauna ba ce?
Sai dai a cikin yawun wani baƙo ya bi,
murɗaɗɗe, ido ba ya kama shi.

Ciki tukunyar tsami ce, ba ta barin mai rai.
Shi kuwa ya lafe a majinar bango,
ya kashe tsamin da ke kewaye da shi,
ya shimfiɗa tabarma.

Shekara hamsin yana ƙwaƙula.
Babana na bin awakinsa,
yana kurɓar shayi mai gishiri,
yana cewa ƙwannafi ne, gobe zai wuce.
Bango ya yi ja, ya zaizaye.
Yau faci, gobe faci,
har wata ƙwayar jiki ta ɓata lissafi,
ta yi ta haihuwa ba yaye.

A Ulaanbaatar likita ya zura bututu mai fitila.
Ya daɗe bai ce komai ba.
Ciwon daji.
Ƙanƙara ba ta narke ba muka binne shi.

Bara na hura numfashina a 'yar jakar gwaji.
Ashe ni ma ina da baƙo.
Mako biyu ina haɗiyar magani,
harshena kamar na lasa ƙarfe.

Daren jiya ɗana Sodnom ya buɗe baki ga cokalina.
Na janye hannu.
Ya yi kuka.
Na ɗauko masa nasa.